Farar Tocila a Filin Duhu

Lahadi, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 6:10 na safe

'Yata Rhona ba ta kwana a gida ba. Gadonta na nan yadda na gyara shi jiya. Na dama kunun mutum biyu don hannuna ya saba, na sha nawa, nata ya daskare a tukunya.

Ban yi laifi ba. Gara in rubuta wannan tun da sassafe, kafin mutanen ƙauyen nan su tashi su fara yi min shari'a.

Lahadi, ƙarfe 2 na rana

A coci, bencin da nake zama shekara talatin da huɗu ya yi min faɗi yau. Kowa ya ja jikinsa. Da aka tashi Murdo Kerr ya tare ni a bakin ƙofa. Shi ne shugaban kwamitin Filin Duhu, kuma dattijon coci ne, amma tun muna aji uku na san shi da majina a hanci, saboda haka kwarjininsa ba ya kama ni.

"Ishbel," ya ce, "farar tocila? A cikin filin? Ke ma fa kin sa hannu a yarjejeniyar ƙauye."

"Na sa," na ce. "Na cire ƙwan fitilar ƙofata, na ɗinka baƙaƙen labule, shekara goma sha ɗaya ina laluben makulli a duhu kamar ɓarauniya a gidana, duk don baƙi su ga taurari. Dare ɗaya tak na kunna haske."

"Mutum goma sha huɗu sun yi minti arba'in idonsu na sabawa da duhu, kika mayar da su baya cikin daƙiƙa. Wani bawan Allah daga Leeds ya yi awa uku yana ɗaukar hoto ɗaya, kin ƙone masa shi."

"To sai a je a yi masa ta'aziyya."

Bai yi dariya ba. Ya sassauta murya ya ce ba tocilar ce ta dame shi ba, abin da na faɗa da ƙarfi ne, kuma kowa ya ji. Na ce miyata na kan wuta, na wuce.

Litinin, 13 ga Nuwamba, ƙarfe 9 na dare

Tana gidan ƙanwata Effie, a saman kanti. Effie ta bugo waya da muryar nan tata ta mai sanar da rasuwa. "Yaya, tana ci, tana barci, kar ki zo tukuna." Ni za a ce wa kar in je wurin 'yata. Effie, wadda ko fure a tukunya ba ta taɓa rayawa ba.

Tun farko ban so aikin nan ba, kuma ban ɓoye ba. Ubangiji ya yi dare don mutum ya kwanta. Yarinya ta yi karatu har Glasgow, ta dawo tana jan baƙi cikin daji da 'yar jar fitila kamar idon ɓera, tana nuna musu sama. Mutum ya tuƙo mota awa bakwai don ya zo ya ga duhu. Da za su leƙa zukatansu da sun same shi ba tare da sun ƙona mai ba. Shekara shida tana yi. An ce ita baƙi ke tambaya da suna. Ni ban taɓa zuwa na ji ta ba. Shekaranjiya ne na fara taka filin da dare.

Laraba, 15 ga Nuwamba, ƙarfe 4:30 na asuba

Ban yi laifi ba.

Alhamis, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe

Bari in rubuta yadda aka yi, kafin bakin mutane ya sake masa kama.

Ranar Asabar da yamma na je kanti sayen man shanu, na ji ana cewa ma'aikatan daji sun haƙa sabon lambatu ya ratsa hanyar tafki, zurfinsa ya kai ƙugu. Na dawo gida, Rhona ta riga ta fita. Waya ba ta shiga a filin. Na zauna, na tashi, na sake zama. Na san yadda take bin hanyar nan. Taku ɗari biyu da goma sha biyu daga ƙofar shinge zuwa dutse, sai ta karkata hagu. Na sha jin ta tana ƙirga matakalar gidan nan ma ƙasa-ƙasa, gidan da aka haife ta. Wanda ke bin hanya da ƙirge, in aka haƙa rami a gabansa ƙirgen ba zai gaya masa ba.

Na ɗauki tocilar marigayi mijina, Tam, babbar nan da yake duba tumaki da ita lokacin haihuwa. Na same su a jere a kan hanya, ita a gaba. Na haske su. Na ce, "Ku tsaya, ba ta gani!"

Lambatun na bayansu. Sun riga sun tsallake ta kan katako. Ashe ta je da rana har sau uku ta auna wurin, ta gyara ƙirgenta. Ta yaya zan sani? Ba ta gaya min komai.

Sauran duk sun kare fuska da hannu suna zagina. Bayan ɗan lokaci idonsu ya dawo. Nata bai dawo ba. Ta tsaya cak, hawaye na zuba, ta miƙa hannu tana neman abin kamawa, ba ta ma san ta wane ɓangare nake ba. Murdo ne ya riƙe hannunta ya fito da ita, a gaban baƙinta.

Da wani ya faɗa ramin fa? Wannan ba wanda yake tambaya.

Asabar, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 5 na yamma

Murdo ya zo da takarda. Bai zauna ba, ban kuma ce ya zauna ba.

An dakatar da ita sai kwamiti ya yi zama. Za su zauna Talata, 28 ga wata, lokacin farin wata, tunda a lokacin ba baƙi, kowa na da sarari. Duk shekara masu jan baƙi suna sa hannu cewa babu wani abu a lafiyarsu da zai jefa mutane cikin haɗari. In abin bana ya fara mata, za su haɗa ta da wani mai ido ta ci gaba da aikinta. In kuwa ta daɗe da sani ta ɓoye ta sa hannu, aikin ya ƙare. Ita ta ce musu bana ne. Ni suke so in zo in faɗi tun yaushe na lura.

"Ke dai an san ki, Ishbel, ba kya ƙarya," ya ce. "Abin da kika faɗa shi za mu rubuta."

Ya faɗa ne kamar yana yabona.

Shekara biyu ne. Tun daren da ta ajiye kofin shayi a iska, tazarar tafin hannu daga tebur, ta ce santsi ya yi. Sai tabon buguwa a ƙwaurinta. Sai ta daina tuƙi in rana ta faɗi, wai ta fi son tafiya a ƙasa. Na gani na yi shiru. Likitan ido a Dumfries ya ba abin wani dogon suna. A gidanmu dundumi muke ce masa, in mun ce.

Litinin, 20 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na rana

Ta zo da rana tsaka. Ta rame a wuya.

"Mama, ba faɗa na zo yi ba."

"Cire takalmi, yanzu na goge ƙasa."

Ta cire. Ta zauna a kujerar ubanta, abin da ta san ba na so.

"Ki ce ba ki lura ba sai kwanan nan. In wannan ya yi miki nauyi, kar ki je kawai. Ki ce ciwon kai."

"Ba ni da ciwon kai."

"Ni ce ciwon kanki, shekara ashirin da tara kina faɗa. Yau dai ki yi amfani da ni."

Na ce mata ba wasa ake yi ba. Ta sa hannu a kan abin da ba haka yake ba, har sau biyu, ta ja 'ya'yan mutane bakin tafki.

"Wa ya faɗa? Shekara shida ko ƙafa ba wanda ya gurɗe. Na san filin nan fiye da yadda kika san kicin ɗinki. Likita ya ce shekara uku, wataƙila huɗu, sai manyan taurarin ma su ɓace min. Ƙananan sun riga sun tafi. Shekara uku nake roƙonki, Mama, ba aljanna ba."

"Ramin ƙarya ƙurarre ne."

"Na san karin maganar. Da ita kika yaye ni."

Na zuba mata miya, ba ta taɓa ba. Ta ɗauki hular ulunta da takalman sanyi ta fita ƙarfe biyu, don ta isa gidan Effie kafin haske ya rage. Yaran yanzu sun ɗauka uwa ita ce wadda za ta tsaya a bayanka ko kana kan daidai ko ba ka kai. Ba haka aka rene ni ba.

Talata, 21 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na dare

Na aika wa Effie da miyar sha'ir da naman rago. Ban ce ta waye ba. An dawo min da tukunyar a wanke, ban san cikin wa ta shiga ba.

Alhamis, 23 ga Nuwamba, ƙarfe 8 na dare

Effie ta rufe kanti da wuri ta zo. Ko rigar ruwanta ba ta cire ba.

"Yaya, na gaya mata maganar Baba."

"Wace magana?"

"Kar ki yi min idon coci. Likita ya tambaye ta ko akwai mai irin ciwon a dangi, ta ce babu, kakanta nakiya ce ta tashi da idonsa a wurin fasa dutse. Ta dawo tana ba ni labari, na kasa haɗiyewa. Wace nakiya? Ni da ke muke jawo shi daga gona in magariba ta yi, kina da goma sha biyu ina da tara."

Na ce ba ni na ƙirƙiro ba. Innarmu ce ta ce haka za mu faɗa, don in aka ji a jini yake ba gidan da zai nemi aurenmu. Kuma gaskiyarta ne, uwar Tam da ta ji da ba a yi aurena ba.

"Inna ta shekara ashirin a ƙasa. Bayan nan wa ya toshe miki baki? Da kin faɗa da an duba yarinyar tun tana ƙarama, ta san abin da ke gabanta."

"Rufin asiri daban, ƙarya daban. Ni ban sa hannu a takardar kowa ba."

"Sannu, sarauniyar masu gaskiya," ta ce. "In kin je ranar Talata ki tafi musu da wannan bambancin, ko za su gane, don ni dai kaina bai kai ba."

Effie tun tana yarinya bakinta ya fi hankalinta sauri.

Juma'a, 24 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na dare

Baba ba ya son a ga ana jan sa. In mun kusa gidan wani sai ya sake ni, ya yi ta yin fito kamar mai nishaɗi, har mu wuce. Rabona da tuna wannan na manta.

Ba ɗaya ba ne. Na sake dubawa, ba ɗaya ba ne.

Lahadi, 26 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na dare

Na gwada a gaban madubi. "Ban lura ba sai kwanan nan." Bakina ya faɗa, fuskata ta ƙi.

A allon sanarwar coci an liƙa cewa makarantar firamare za ta kai yara ashirin da biyu filin a watan gobe, da dare, ta hanyar tafki. Da ma ban karanta ba.

Wata ya kusa cika. Ya shigo ta gefen labule ya kwanta a kan gadonta.

Talata, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 9:40 na dare

An yi.

Su biyar ne a ɗakin taron ƙauye, da butar shayi da farantin biskit da ba wanda ya taɓa. Rhona na zaune a gaba da takardar likita a cinyarta. Ta sa rigar da na saƙa mata. Ban sani ba ko da gangan ne.

Murdo ya ce, "Ishbel, tun yaushe kika lura?"

Na dubi bayan kanta. Ba ta juyo ba. Na yi niyyar in ce ban tuna ba, Allah shi ne shaida na yi niyya, tun daga gida nake riƙe da kalmomin a baki kamar ƙwayar magani.

"Shekara biyu," na ce.

Na ƙara da cewa duk ƙasar nan ba wanda ya san filin kamarta. Na ce ciwon daga gidanmu ne, daga mahaifina, ni na ba ta, kuma ban taɓa gaya mata ba. Ba su tambaye ni wannan ba. Na lura da alƙalamin Murdo, kalma biyun farko kawai ya rubuta.

Suka fitar da mu, muka tsaya a baranda, ita a wancan ƙarshe ni a wannan. Minti goma sha biyar. Da muka koma Murdo ya ce ba za ta ƙara jan baƙi ba, amma in tana so akwai wuri a teburin karɓar baƙi da rana, tana miƙa musu jajayen tocila tana karɓa.

"Na gode, Baba Murdo," ta ce, "amma ban yi karatun raba tocila ba."

Effie ce ta zo ta tafi da ita.

Laraba, 29 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na safe

An tambaye ni, na faɗa. Me kuma ake so da ni?

Lahadi, 3 ga Disamba, ƙarfe 1 na rana

Yau bencina ya cika, har ana matse ni. Matar Murdo ta kama hannuna ta ce na yi abin da ba kowace uwa za ta iya ba. Na so in fizge. Makonni uku da suka wuce na kunna tocila sun mai da ni kuturwa, yau na kashe wa 'yata aiki sun mai da ni waliyiya. Mutanen da suka fi tsoron haske a kan Ubangiji.

Effie ta ce Rhona za ta koma Glasgow ranar Asabar, wurin wata ƙawarta kusa da asibiti. Garin da fitila ba ta mutuwa. A can za ta iya fita da dare ita kaɗai. A can kuma ko tauraro ɗaya ba a gani. Ita ta zaɓa, ba ni na kore ta ba.

Laraba, 6 ga Disamba, ƙarfe 4 na yamma

Na wanke mata riguna, na goge, na linke. Ba ta ce in yi ba.

Asabar, 9 ga Disamba, ƙarfe 1:20 na dare

Ta zo jiya da rana haɗa kaya. Ba ta yi sauri ba, har duhu ya same ta. Muka ci abinci. Wajen ƙarfe tara ta ce, "Mama, raka ni fili. An ce kar in shiga ni kaɗai." Ta miƙo min 'yar jar tocilarta. "Wannan, ba ta Baba ba."

Ta riƙe gwiwar hannuna har dutsen. Muka zauna. Ta ce in kashe fitila in yi shiru minti ashirin, kar in duba agogo, ido ba ya son gaggawa. Ba irin muryar da take min magana da ita a gida ba ce. A hankali take, kamar mai lallashin jariri. Da ita ke nan take yi wa baƙi magana shekara shida.

Lokacin da muka fito gida akwai 'yan taurari ta gabas. Muna zaune na ga gajimare ya taso daga yamma yana cinye su ɗaya bayan ɗaya, har sama ta zama kamar bayan tukunya.

Sai ta ɗaga hannu ta nuna sama ta kudu, ba ko kokwanto.

"Can, saman kan tsaunin, Kaza da 'ya'yanta. Yawancin mutane shida suke gani. Mai kaifin ido yakan ga bakwai, har tara. Ni rabona da su tun bara. Ke nawa kike gani, Mama?"

Ina da lokaci. Ba kwamiti, ba takarda, ba yaran makaranta, ba kowa sai ni da ita da sanyi. Bakwai ba wata babbar kalma ba ce.

"Gajimare ya rufe, Rhona," na ce. "Babu ko ɗaya."

Ta yi 'yar dariya.

"Na sani. Sanyi ya sassauta, iska ta juyo daga teku, tun muna ƙofar shinge na san zai rufe. So nake in ji ko za ki iya yi min ƙarya ɗaya. Kin yi wa Kaka shekara arba'in. Ni minti ɗaya ya gagara."

Na buɗe baki in ce mata wancan rufin asiri ne. Na rufe.

Da za mu dawo na miƙa mata hannu, ta ce in bar shi. Ta shige gaba tana ƙirgawa a fili, ni mai ido da fitila ina bin ta a baya. Sau biyu na yi tuntuɓe. Ita ko sau ɗaya.

Asabar, ƙarfe 8:40 na safe

Motar Glasgow ta zo a kan lokaci. Effie ta yi kuka na mutum biyu. Na ce wa Rhona ta riƙa zuwa coci, ta kuma guji cin abincin gwangwani. Ta ce to.

Da motar ta tashi na ɗaga hannu. Gari bai gama wayewa ba, ban san ko ta gani ba.

A rediyo sun ce daren yau sama za ta yi garau.